Kwana Shida Ana Cewa Haƙori Ne

Laraba ce. Ƙarfe bakwai na safe ina bakin famfo a gidan hayarmu na Unguwar Gabas, ina wanke zanen goyon 'yata Husna karo na uku. Watanta goma sha huɗu. Kwana shida ke nan tana zawo, tun Lahadi kuma har da majina da jini.

Na ce a kai ta asibiti. Surukata Inna, wadda ta zo mana kwana biyu ta zama likitar gida, ta ce haƙori ne. Wai ta haifi tara, ba ta taɓa kai ɗaya asibiti don zawo ba. Ukun da ke kabari ba ta sa su a zancen. Mijina Sale zaki ne a garejin babura, amma a gaban uwarsa bai san komai ba sai "to, Inna". Ni da nake zaginsu yanzu, shiru na yi.

Da safen nan maɗigar yarinyar ta faɗa. Inna ta kwaɓa garin magani da man kaɗanya ta manna mata a kai, kamar mai toshe tukunya. Sale ya ce gobe a kai ta asibiti, ya fita.

Goma da kwata muka ji ihu daga wajen tasha. Sai ƙarar rufe shaguna. Sai warin taya. Sha ɗaya saura, harbi ya fara, ɗaiɗai, sannan a jere. Samari suka shigo layinmu da gora da adduna. Na san rabinsu, 'yan zaman banza ne na bakin kwata, ranar sun samu aikin yi.

"Ku fita! Ku fita, za mu sa wuta!"

Na goya Husna. Na ja hannun Inna. Takalmi ma ban ɗauka ba.

Babu mota, babu ɗan acaba, an tare titi. Muka bi bayan unguwar Hanwa ta cikin gonaki, muka nufi Samaru gidan yayata. Ƙarfe ɗaya na ji ɗumi a bayana, ta sake yi. Ƙarfe biyu ta yi kuka babu hawaye. Na ba ta nono, ta kasa ja. Tun safe ba ta yi fitsari ba. Inna na biye da ni tana haki, tana cewa zafin rana ne.

Ana kiran la'asar muka shiga wani ƙaramin asibiti a Samaru. An shimfiɗa waɗanda aka sassara a baranda. Duk da haka wata nas ta kalli idon Husna sau ɗaya, ta fizge ta daga hannuna. Suka nemi jijiya a hannu, a ƙafa, har a kai, bayan sun kankare abin da Inna ta manna.

Likita ya ce da alama cutar hanji ce da ake ɗauka a ruwa. Maganinta na 'yan kwanaki ne. Ranar da aka ga jini ya kamata a kawo ta. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni.

Biyar da rabi Husna ta cika.

Sale ya iso washegari. Har yau idan an tambaye shi sai ya ce rikici ne ya kashe masa 'ya, Inna ta gyaɗa kai. Rikici ya ci mana ɗaki da keken ɗinkina da awa biyar a hanya. Sauran mu muka yi da hannunmu.

An binne ta a Samaru, garin da ba ta taɓa kwana ba.