Shukokin Iyakar da Aduke Ta Mayar

Aduke ba ta taɓa cin goro a tsaye ba. Ko a tsakiyar kasuwar Shagamu ne, sai ta nemi kututture ta zauna, ta ɓare, ta duba, sannan ta kai baki. Haka take yi da magana ma.

Ita ce babba a gidansu, ita ta goyi ƙanenta Tiamiyu. Da mahaifinsu ya rasu, gonar goro ta koma hannunsa. Ba a daɗe ba maƙwabcinsu Oyewusi ya bi tsohon zuwa lahira, ya bar matarsa Morenike da ƙananan yara. Damina na zagayowa, sai shukokin peregun da ke raba gonakin biyu suka yi tafiya, har manyan itatuwan Oyewusi suka wayi gari a ɓangaren Tiamiyu. Peregun dai ba shi da ƙafa.

Morenike ta kai ƙara gaban dattawa. A ƙauyen, wanda aka kama da tumɓuke iyaka ba a ƙara zama tabarma ɗaya da shi, 'ya'yansa ma sai sun nemi aure a nesa. Aka kira Aduke, don ita ce ke bin mahaifinsu gona tun tana yarinya. Ta zauna, ta daɗe tana juya goro a hannu, sannan ta ce da kwando a ka take bin tsohon, ba ta samu damar kallon ƙasa ba. Aka bar iyaka inda take. Morenike ta daina amsa gaisuwarta.

Da ruwa ya sake sauka, Tiamiyu ya tarar da yayarsa da rana tsaka tana haƙa rami a tsohuwar iyakar, peregun guda na jingine a gefenta.

"Yaya, me ke nan?"

"Inuwa ta yi masa yawa a can. Kai da ko rogo ba ka iya dasawa, matsa ka ba ni wuri."

Ya sosa ƙeya, ya matsa. Daga nan kowace damina sai inuwa ta yi wa wani yawa. Morenike ta gani, sai ga shi wata safiya alale mai zafi ya iso ɗakin Aduke a cikin ganye. Yaran Oyewusi suka koma tsintar goro a gindin itatuwan ubansu, ba wanda ya kore su.

Tiamiyu ya tsufa da mutuncinsa, ya aurar da 'ya'yansa a cikin gari. A kowane biki shi da kansa ke kai wa Aduke kwanon farko, ya kwanta rub da ciki a gabanta da furfurarsa, ita kuma ta ce ya tashi kada ya ɓata babbar rigar mutane.

Farkon daminar bara Aduke ta rasu. Can ƙarshen gonar, wajen rafi, akwai sauran peregun guda da bai koma gida ba. Raminsa na nan a haƙe, ruwan sama ya taru a ciki.