Sajan da Ya Ƙi Kulle Mai Goyo

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Saja ya riga ya jingine kekensa a bangon ofishin 'yan sanda, ya kakkaɓe ƙafar wando, ya karɓi makulli daga hannun wanda ya kwana aiki. Tun gashin kansa yana baƙi aikinsa ke nan: shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake tsare mutane. Da farko zai leƙa ta 'yar tagar ƙarfe ya gaida na ciki ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mai ciwo, ya cika musu jarkar ruwa. Wanda danginsa ba su san inda ya kwana ba, ya ara masa wayarsa mai tsagaggen gilashi. Abokan aiki kan tsokane shi, wai otal ya buɗe. Sai ya ce, "Ai baƙina ne, masaukin ne kawai ba su suka zaɓa ba."

Ƙarshen watan nan zai ajiye kaki. Mu matan layin bayan ofishin, musamman masu goyo, muka ce ba zai tafi a ɓoye ba.

Baba Saja yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa harara. Ba ya zura makulli sai wanda ya kamo mutum ya faɗa da bakinsa, a gaban mutumin, abin da ake zarginsa da shi. Mai gyaran takalma da ke zaune bakin ƙofa ya ce ya sha ganin an kwaso mutane a samame, a zo gaban kantar ofis a rasa mai iya faɗin laifin rabinsu, su karkaɗe riga su koma gida.

Amma abin da ba mu manta ba shi ne ranar matar direba. Mijinta ya yi faɗa da abokin sana'arsa a tasha, ya karya masa hannu, ya gudu. Wani sabon Sufeto mai zafin nama ya je gidan bai same shi ba, sai ya tiso matar a gaba. Ko tukunya ba ta sauke ba, ga jariri a bayanta yana tsala kuka.

"Saja, buɗe," in ji Sufeto. "Idan ya ji matarsa na ciki, da ƙafarsa zai kawo kansa."

Baba Saja ya ƙame ya sara masa, amma hannunsa bai je ga makulli ba. "Ranka ya daɗe, me ta yi?"

"Mijinta ya karya wa mutum hannu."

"Na ji na mijin. Ita fa?"

"Matarsa ce!"

"To, aure ta yi ke nan, yallaɓai. In aure ya zama laifi, ɗakin nan ya yi mana kaɗan, ni da kai ma muna ciki." Ya leƙa bayan matar. "Shi kuma wannan babban ɗan ta'addan, ko haƙori bai fitar ba, shi me ya yi?"

Wani kofur ya yi dariya, ya haɗiye ta da tari. Sufeto ya murtuke fuska, ya ce umarni ya ba shi, ba shawara ya nema ba.

Baba Saja ya san abin da ke bayan ƙofar: ƙasa tsirara, zafi, sauro, da bokiti guda a lungu. Ya kuma san abin da ke jiran ƙaramin da ya musa wa babba. Ya kwance makullin daga ɗamararsa, ya ajiye a kan kantar ofis a hankali.

"Ga shi, yallaɓai. Kai ne gaba da ni, ba zan riƙe maka hannu ba. Amma ni nawa hannun ba zai buɗe ba. Kuma duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi, yadda aka yi zan faɗa."

Sufeto ya daɗe yana kallon makullin. Can ya ja tsaki, ya ce da matar, "Tafi. Ki gaya wa mijinki ina nemansa." Baba Saja ya raka ta har bakin titi, ya ce, "'Yata, ruga ki duba tukunyarki, kada a ce mun ƙona miki abinci ma."

Kashegari yayan direban ya kamo ƙanensa ya kawo shi. Baba Saja ya yi tambayarsa, aka ba shi amsa, ya buɗe ƙofa ba gardama. Matar ta durƙusa tana kuka: "Baba, ashe kai ma za ka kulle mana shi?" Ya ce, "Tashi, 'yata. Wanda aka karya wa hannu shi ma mijin wata ne. Abin da zan tsaya a kai, kada ya ruɓe a nan, a kai shi gaban alƙali da wuri." Haka kuwa aka yi.

Shi kuwa Baba Saja, ba a bar shi haka ba. Aka tura shi ba wa motoci hannu a mararraba, cikin rana, da gwiwoyinsa masu ciwo, har sai da aka ga ba mai iya riƙe ɗakin kamar shi aka dawo da shi. Yaran da ya koya wa ɗaura bel sun wuce shi a muƙami. In an yi masa jaje sai ya yi murmushi ya ce barcinsa dai ba ya yankewa.

Baba, kai ne ka nuna mana kaki yana da iko, amma ikon yana da bakin iyaka, kuma iyakar ba ta tsare kanta sai wani ya tsaya a kai. Kai ne garkuwar mai goyo. Ba ka saki mai laifi don hawayen matarsa ba, ba ka kulle mata don laifin mijinta ba. Mun gode. Allah ya huta gajiyarka, ya sassauta maka gwiwoyin nan, ya sa 'ya'yanka su samu mai tsaya musu.

Ku kuma samarin da za ku gaji makullin, muna roƙonku da girman iyayenku mata: kafin ku murɗa, ku dubi wanda ke tsaye gabanku, kada ku biya da shi bashin wani.

Jaririn nan yanzu da gudu yake wuce ƙofar ofishin da jakar makaranta. Bai san warin ɗakin ba, bai kuma san wa zai gode wa ba. Mu mun sani.