Tatsuniyar da Kaka Ta Hana Ni Ƙarshenta

Juma'a bayan la'asar ce ranar fitarmu. Sauran kwanakin mako ina cikin ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar Harra ta Gabas a Madina, ni da yara, tagarmu tana kallon bangon maƙwabta. Mijina, Baban Sumayya, yana aikin kaya a filin jirgi, kuma idan alhazai suna sauka sai in yi kwana biyu ban gan shi da rana ba. Saboda haka duk Juma'ar da ya samu hutu, tun safe nake dafa shinkafa, in naɗe darduma, mu hau tasi zuwa wani fili a gefen gari da ake hango Dutsen Uhudu. Iyalai sukan shimfiɗa nesa-nesa da juna, kowa da yarensa. Sumayya, mai shekara shida, ta ruga wajen lilo. Anas ya maƙale a cinyata yana jan hijabina. Idan lokacin sanyi ne, babansu yakan zo da ɗan kaskon gawayi ya dafa mana shayi a wurin.

Ƙamshin gawayin nan shi yake mayar da ni tsakar gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Gwarzo, gaban murhun Kaka Yalwa, mahaifiyar babana.

Ba ta barin garwashi ya mutu a banza. Da an sallame magariba an ci tuwo, sai ta jawo kujerarta, ta zuba gyaɗa a faifai ta turo mana. Mu jikoki mu kewaye ta muna ɓara.

"Ga wata nan ta iso, ku matsa mata," in ji ta.

"Ta zauna mu ji ta," mu amsa.

"Ke Rabi, ina ganinki. Ɗaya a faifai, uku a baki. Duk wanda hannunsa ya tsaya, ni ma bakina ya tsaya."

Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, kuma kowacce takan kai ta gida ta rufe. Ban da guda ɗaya. Ita wannan ba ta yin ta sai ranar da wani a gidan zai yi doguwar tafiya washegari.

Wai wata yarinya ce uwarta ta aike ta ƙetaren kogi ta mayar da rariyar da suka aro. Da ta haye da safe ruwan iya idon sawu yake. Kafin ta juyo an yi ruwa a gabas, kogi ya kawo ya cika maƙil. Tsohuwa mai rariya ta ce ta kwana, gobe ya janye. Gobe ta yi, ruwa ya janye, amma tsohuwa ta tashi da zazzaɓi, babu mai ɗebo mata ruwa. Da ta warke lokacin girbi ya yi, ga dawa a gona ba mai tayawa. Daga nan wani ya gan ta yana so, daga nan haihuwa. Kullum da yamma uwarta takan hura wuta a wancan bakin kogin, yarinya ta hango hayaƙi ta ce, "Inna tana nan, gobe zan je." Rannan dai ta goya ɗanta, ta zo bakin ruwa, ta tattare zani, ta sa ƙafa ɗaya a ciki.

A nan Kaka takan karkaɗe zaninta ta miƙe.

"Kaka, saura fa? Ta haye?"

"Sauran na Kawunku Sale ne. In ya dawo daga Ikko ya zo ya karɓa."

Mu yi magiya, mu yi fushi, mu ce ba za mu ƙara ɓara mata gyaɗa ba. Ko a jikinta. Ranar da Kawu Sale ya dawo kuwa, ta kira shi ɗakinta ta saki asabari. Sun daɗe. Ya fito idanunsa jajur. Muka bi shi har zaure muna tambaya, ya ce, "Ku ma ku yi tafiya ku dawo mana." Haka aka yi da Goggo Hansatu, ƙanwar babana, da ta zo ganin gida daga inda aka kai ta aure.

Ina da shekara ashirin nawa ya zo. Gobe zan bi mijina Madina. Na zauna cikin ƙannena da lalle a hannu, ko gyaɗar ban iya ɓarawa ba. Yarinya ta sa ƙafa a ruwa, Kaka ta dube ni.

"Sauran na Rabi ne."

Na yi dariya. "Kaka, shekara ɗaya ce fa, mu zo hutu."

"Ita ma rariya kawai ta je mayarwa," ta ce.

Shekara bakwai na yi. Ba ƙin zuwa na yi ba, Allah shaida. Shekarar farko takardun zama ba su daidaita ba. Ta biyu ina da cikin Sumayya. Wata shekarar hutun babansu ya faɗo a lokacin aikin hajji aka hana shi. Ko yaushe dai akwai dalili, kuma dalili ne na gaske. Mukan yi waya da Kaka ranar Juma'a daga filin nan, in nuna mata dutsen, ta yi ta salati ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta ce yaya nake, in ce lafiya lau.

"Kaka, ki ba ni ƙarshen nan a waya mana. Ga Sumayya ta fara jin tatsuniya."

"A waya? Wato kin je garin Manzo kin ƙaro wayo. Ki zo da ƙafarki, ƙawata. In kin je ziyara ki kai mini gaisuwa."

Bara muka tsayar da magana, bayan ƙaramar sallah za mu tafi. Har na sayo mata dabino da turare na ajiye a saman kwaba. Saura wata biyu, wata safiya ina shanya kayan yara, yayana ya kira ya ce Kaka ta rasu. Kafin azahar an kai ta. Na ɗauki yaran na tafi Harami, na zauna a ɓangaren mata ina yi mata addu'a cikin mutanen da babu wanda ya san sunanta.

Bayan an yi arba'in na kira Goggo Hansatu. Na ji kunyar tambayar, mace da 'ya'ya biyu tana neman ƙarshen tatsuniya, amma na yi.

Ta ce, "Rabi, ai babu wani ƙarshe."

"Kamar yaya, Goggo?"

"In kin shiga ɗakin, zaunar da ke take yi a bakin gado, ta riƙe hannunki ta ce, 'To, ke ce kika je ƙetare. Yaya can ɗin yake?' Shi ke nan. Ke za ki ba ta. Ba ta katse ki, ba ta yi miki faɗa, ba ta kai wa kowa. Ni abin da na faɗa mata ranar nan ko uwar ɗakina ban taɓa faɗa wa ba."

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a yi jinkirin komawa gida. Yanzu na ga Kaka ba ta taɓa zargin yarinyar nan ba, ko sau ɗaya. Ta dai san wanda yake nesa ba ya faɗin gaskiya daga nesa. Ya ce lafiya lau don kada hankalin na gida ya tashi, ya haɗiye sauran. Ni ma na haɗiye. Sallar farko da na yi a nan ni kaɗai a ɗaki, na yi kwalliya babu wanda zai ce ta yi kyau. Cikin da na rasa tsakanin Sumayya da Anas, wanda har yau a gida ba a sani ba. Ranar da na haifi Anas ina kiran Inna da Hausa, ungozoma tana amsa mini da Larabci. Ashe duk akwai ɗakin da aka ajiye mini in sauke su, ni kuma ina ta roƙon a ba ni a waya.

Juma'ar da ta wuce muka fita kamar kullum. Da gawayi ya kama, na kira Sumayya na yi mata tatsuniyar, karo na farko. Hausarta tana ji, amma amsa rabi da Larabci take yi. Da yarinya ta sa ƙafa a ruwa na yi shiru.

"Ba'aden, Mama? Sai me? Ta haye?"

"Ban sani ba, Sumayya."

"Tatsuniyar nan ba daɗi," ta ce, ta ruga wajen lilo.

Babansu yana fifita gawayi. Na taɓa gaya masa abin da Goggo ta faɗa, ban zaci ya riƙe ba. Ya zuba shayi ya ajiye a gabana, ya karɓi Anas daga cinyata, ya gyara zama.

"Ni ba Kaka ba ne," ya ce. "Kuma ni na kawo ki. Amma Rabi, yaya nan ɗin yake?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau. Ba ita ce ta fito ba.