Ƙullin Yaya a Buhun Sallah

Shekarar da aka yi annobar korona, 'yar farina tana Masar. Mijinta ya je ƙaro karatun likita ya tafi da ita, a can ta haifi ɗanta na fari. Kafin annobar, aika mata saƙo daga Haɗeja bai taɓa yi mini wuya ba, don kullum akwai mai tafiya, ko ɗalibin da ya zo hutu ko mai zuwa sayo littattafai. In kai masa leda har gida, ya cusa a jakarsa, in yi masa addu'a. Da aka dakatar da jiragen fasinja, sai wannan hanya ta toshe.

Da yake 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, ita ma ba ta doguwar magana da ni. Amma ana saura kwana kaɗan azumi ta kira, ta daɗe a waya. Ta ce mijin a asibiti yake kwana don kada ya kawo musu cutar gida, ita da jaririn suna wani ɗaki a saman bene, titi ma sai ta taga take ganinsa. Abu ɗaya ta roƙa, ɗinkin Sallah daga telarta ta gida, ko da a ɗaki za ta sa shi. Na ce mata zai same ta kafin Sallah, in Allah ya yarda. Tun da aka haife ta ban tuna ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni wani abu ba.

Akwai wani mai shago kusa da tasha da ke karɓar saƙon ƙasar waje, yana tura wa wani kamfani a Kano. Ya yi mini bayani cewa a da kwana goma sun isa, amma bana jiragen kaya kaɗai ke tashi, su ma jefi-jefi, kuma duk inda kaya suka sauka sai an ajiye su sun kwana biyu kafin a taɓa. Duk mai son saƙonsa ya isa kafin Sallah, ya kawo kafin Alhamis ta makon farko na azumi. A motar shinkafa zai ɗora kayan, don motocin abinci kaɗai ake bari su shiga Kano.

Na sa aka ɗinka atamfar a kwana uku, da 'yar riga da hula ta yaron. Mai ɗakina ta daka kuka da busasshiyar kuɓewa. Na so in sa bandar kifi, tunda sana'ata ke nan, mai shagon ya ce ba sa ɗaukar kifi.

A wurinmu in za ka aika saƙo, ba naka ba ne kai kaɗai. Yayata, wadda ta riƙi yarinyar tun daga yaye har aure, tana wani ƙauye bayan Auyo. Da ta ji labari, ana gobe azumi ta hau kwalekwale ta hau babur ta zo da wani ƙulli kamar dunƙulen hannu biyu, an naɗe shi da leda a cikin leda, an ɗaure da tsohon ɗankwali. Ta sa mini a hannu ta ce kada kowa ya kwance, daga hannunta sai hannun 'yarta. Na ce to. Ta koma, bayan kwana biyu aka rufe yankinsu, ba shiga ba fita.

Ranar Lahadi na ɗinke buhun da basilla na kai shago. Sai mutumin ya miƙo mini takarda, ya ce a rubuta duk abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a sa hannu a ƙasa. Na sa ya karanta mini layin ƙasan sau biyu. Cewa yake na san duk abin da ke cikin kayan, kuma abin da na rubuta gaskiya ne. Na rubuta atamfa, na rubuta kuka. Da na zo kan ƙullin, sai na ajiye biron.

Ya yi dariya ta cikin takunkuminsa. "Malam, rubuta kayan miya mana. Wa zai tsaya yana shinshina ƙullin tsohuwa a filin jirgi?"

Na ce ban san kayan miya ba ne, kuma ina azumi.

"To ka buɗe ka gani, ko ka cire shi. Ni dai motata ba ta jiran fatawa."

Na ɗauko buhun na dawo gida. Mai ɗakina ta ce in kawo ta kwance ta mayar yadda yake, ba wanda zai sani. Na ce ni zan sani, kuma ai kowa aka ce, ba a ce ban da ke ba. Cirewa kuwa, na riga na amsa wa Yaya cewa zai tafi, kuma na san ranar da yarinyar ta buɗe buhun, hannun goggonta za ta fara nema. Ta ce to in shimfiɗa tabarma kusa da shi in yi ta gadi. A lissafina ina da kwana huɗu, kuma tambaya ɗaya ce tak zan yi wa Yaya.

Litinin na ɗauki babur na nufi Auyo. A shingen hanya aka mayar da ni, duk da na yi ta bayani har muryata ta dushe. Na gangara bakin kogi wurin masunta, waɗanda na shekara ashirin ina sayen kifi a hannunsu. Suka ce an gargaɗe su, duk wanda ya tsallakar da mutum za a ƙwace jirginsa, ban kuwa iya roƙon su su karya doka saboda ni ba. Yaya ba ta da waya. Maƙwabcinta yana da ita, amma ranar kasuwa yake kai ta caji, kasuwar kuma a rufe. Daga Litinin ɗin nan ban yi wani aiki ba sai kiran lambarsa. In na kira a ce a kashe take, in lissafa ɗari in sake kira. Na farke bakin buhun na fito da ƙullin, na ajiye shi a kan buhun a gefen gadona. Na ɗaga shi na girgiza ya fi a ƙirga, sannan in yi istigfari, don ina tsoron ko girgizawar ma leƙe ce.

Laraba bayan azahar wayar ta shiga. Aka kai mata.

"Auta, lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa, so nake in san abin da ke cikin ƙullin.

"Turaren wuta ne na haɗa mata. Cewa na yi kada a buɗe don kada ƙamshin ya tsere. Kai yanzu saboda wannan kake ta tayar wa mutane hankali?"

Ban tsaya sallama sosai ba, na mayar da ƙullin na ɗinke, na ɗora buhun a keke mai ƙafa uku. Na tarar da shagon a kulle, na bi mutumin har gida. Ya ce motar ta tafi tun jiya da hantsi. Direban ya ji za a ƙara tsananta bincike a iyakar Kano, ya ce ba zai jira Alhamis ba. Ya nuna mini a wayarsa cewa ya kira ni sau uku, ana ce masa ina kan wani kiran. Na tambaye shi wata motar fa. Ya ce kamfanin ya daina karɓar na Sallah, sai bayanta, shi ma bai san yaushe ba.

Na yi fiye da kwana ashirin ban faɗa wa yarinyar ba. In ta kira, sai in tambayi yaron, in miƙa wa uwarta wayar da sauri. Ban yi mata ƙarya ba, amma na bar ta tana jira, kuma na san tana leƙa taga duk lokacin da mota ta tsaya a ƙasa.

Ana jibi Sallah da safe na kira ta da kaina. Na faɗa mata komai, har da takardar da shingen. Ina jin numfashin yaron a kusa da ita.

Can ta ce, "Baba, wace kala ce atamfar?"

Na ce ta jira. Na ɗauko wuƙa na farke ɗinkin buhun, na warware zanen a kan gado, na fara faɗa mata. Na ce shuɗiya ce, da wasu ganyaye ruwan ƙwai. Ta tambayi wuyan rigar, ta tambayi hannun, ko telar ta yi mata irin wanda ta ce. Ban san sunayen ɗinkin mata ba, na yi ta kwatantawa da ƙyar, ita kuma tana ta tambaya, har muka kai kan hular yaron.