Baƙin Tukunya a Farar Shaddar Habibu

Shirun da ya biyo baya ne ya fara gaya mini na yi ɓarna. Safiyar cika-ciki ce, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, a tsohon gidanmu na Zangouettin, Zangon Wagadugu, tun kafin a rushe shi. Ina tsaye a tsakar gida, tafukan hannuna baƙi ƙirin da baƙin tukunyar da na kwaɓa da man kaɗe, ga Habibu baƙonmu na Kano tsaye a gabana, shatin yatsuna goma a ƙirjin sabuwar farar shaddarsa. Dariya nake jira, irin wadda ake yi duk shekara. Sai na ga Umma ta tsaya da taɓarya a sama ba ta sauke ba, Baba ya sunkuyar da kai, Baffa Sani kuwa, wan Baba kuma mai gidan gaba ɗaya, ya ajiye kofin shayinsa a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe. Wallahi har yau idan na ga namiji cikin farar shadda sai na ɓoye hannuna a bayana.

Gidanmu babba ne, ɗakuna a jere kewaye da bishiyar mangwaro guda, kuma mu yara mun fi ƙarfin ƙirga idan an zo rabon ƙosai. Amma kowa ya san matsayinsa. 'Ya'yan Baffa Sani yayyena ne da ƙannena, ba a ma cewa 'ya'yan baffa, wanda ya faɗi haka sai ya sha ranƙwashi don ya raba gida. Haka 'ya'yan Inna, ƙanwar Umma da ke unguwar Paspanga. Su kuwa 'ya'yan Kawu da 'ya'yan Goggo taubasai ne, abokan wasa, su ne Allah ya ba mu don mu huce a kansu. Ka ɓoye musu takalmi, ka zuba musu gishiri a koko, ka kira su barori a gaban baƙi, ba mai ce maka kanzil. Kakanni ma haka, da su ake tsokana. Kakarmu uwar su Baba, wadda muke kira Yaba kamar yadda maƙwabtanmu Mosawa ke kiran tasu, takan ce da ƙanena mijinta, ta ce ya hana ta cefane. Amma baffa da goggo, waɗannan ko inuwarsu ba a takawa. Yaba takan ce, "Ku san wanda za ku durƙusa wa, ku san wanda za ku watsa wa ruwa, sauran duk mai sauƙi ne."

Ranar cika-ciki ita ce ranar taubasai. Tun asuba, kafin mu tafi ɗibar ruwa a famfon bakin titi, mukan kankare gindin tukwanen tuwo mu tara baƙin a murfin gwangwani. Bayan an gama shara da wanke-wanke sai farauta ta tashi. Ni na yi suna a wannan aiki. Shekarar da ta gabata sai da na bi Salisu ɗan Kawu har bayan masallaci, ya hau keke, na kamo shi ta wuyan riga.

Habibu ya iso kwana uku kafin ranar, tare da wani Alhaji mai kawo wa Baffa atamfa daga Kano. Shekararsa ba ta wuce goma sha huɗu ba, siriri, mai kunya, ba ya jin Faransanci ko Mosanci, Hausarsa kuma tana ba mu dariya yadda tamu ke ba shi. Abin da muka ji kawai shi ne daga gidan Goggo Asabe yake, ƙanwar su Baba da ke aure a Kano. Ɗan Goggo kenan, na ce a raina, taubashi sabo fil wanda ba a taɓa shafawa ba. Na ga ma Baffa Sani na aiken sa ɗauko buta da shimfiɗa buzu, sai na ƙara tabbata. Ban tambayi kowa ba.

Ashe ba Goggo ta haife shi ba, riƙonsa take yi. Baffa ne ya yi bayanin, cikin muryar da ba ya ɗagawa idan ransa ya ɓaci sosai. Habibu ɗan Baffa Garba ne na gidanmu na asali a Kano, Garba kuwa ƙanen mahaifin su Baba ne, marigayi Malam Inuwa. Ke nan shi ƙanen su Baba ne, ni kuma baffana na shafa wa baƙin tukunya a gaban baƙo. Baffa ya juya ga Baba ya ce wannan aikin lekol ne, makarantar boko, can ake koya mana kiran kowa kuzen da tonton irin na Faransanci, mu kasa bambance uba da abokin wasa. Ya ce daga ranar na gama zuwa, in zauna gida in koyi mutane tukuna. Saura 'yan watanni in zauna jarrabawar satifika. A gidanmu ba a mayar wa wa magana. Habibu ya yi ƙoƙarin cewa ba komai, Baffa ya ce ya je ya canza riga.

Umma ce ta lallaɓa ɗakin Yaba. Ta dawo ta ce tsohuwar ta ce a bar ta ta gama tsince wakenta, ta yi azahar, ta ɗan kishingiɗa, sannan kowa ya zo. Ban taɓa ganin rana mai tsawon wannan ba. Kaji na soyuwa, ƙamshi ya cika gida. Na shige bayan randa da ɗan allona na lekol da alli ina zana layuka, ina neman hanyar da Habibu zai zama ɗan Goggo ko da ta bayan gida ce. Duk inda na bi sai in dawo kan baffa. Salisu ya leƙo, fuskarsa rabi baƙa, ya ce in ba shi jakar littattafaina tunda na gama da ita. Da wata rana ce da na rama, amma ranar kuka na fashe da shi, har ya tsorata ya je ya sayo mini zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, a ƙullin leda.

Bayan azahar Yaba ta fito ta zauna ƙarƙashin mangwaro, ta sa aka kawo mata faifai da ƙullin goronta. Fari namiji, ja mace, haka take lissafin dangi duk lokacin da aka rikice kan wanda zai raɗa suna ko wanda zai ba da aure. Ta ajiye farin goro guda a can sama ta ce wannan Malam Audu ne, wanda ya fara zuwa Zango da jakunan goro. A ƙasansa ta sa ɗansa Inuwa, mijinta. Ƙasa da shi ta jera Baffa, Baba da jan goro na Goggo Asabe. Sannan ta ɓantaro ɗan tsili ta ajiye can ƙasa ta ce ga mai laifi. Sai ta miƙa wa Baffa wani farin goro ta ce ya sa mata Garba a wurinsa. Baffa ya ajiye shi kusa da Inuwa ba tare da wata-wata ba.

Yaba ta dube shi har sai da ya gyara zama. Ta sa ɗan yatsa ta tura goron sama, ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Malam Audu.

"Garba autan su Audu ne," in ji ta. "Inuwa ma ya ba shi shekara biyu, tare suka yi wasan ƙasa, shi ya sa kuka tashi kuna ce masa Baffa, ba wanda ya gyara muku. Ni shi ya karɓar wa ubanku aurena, don shi ne baffansa, ga shi ko gemu bai gama fitarwa ba. Mata har guɗa suka yi ta yi masa don tsokana."

Ta ɗauki na ƙarshe, na Habibu, ta ajiye a layin Inuwa. Na bi layukan da ido, ina ƙirgawa da leɓe. Habibu ƙanen kakana ne. Tsakaninsa da ɗan tsilin goron nan akwai layi guda cur, layin su Baba.

"To Sani," in ji Yaba, "wa ka ce ya ɗauko maka buta jiya?"

Baba ne ya fara dariya, ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Sai Umma daga bakin murhu, sai Alhajin Kano, sai gidan ya ɗauka. Baffa Sani, da furfurarsa da komai, ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya juya ya ce wa yaron nan, "Baffa, a yi haƙuri." Habibu ya rasa inda zai sa kansa.

Yanzu inda mangwaron yake ko alamarsa babu. Mu muna Cissin, su Baffa can wata unguwa, wasu sun koma Kano. Zumuncin ya koma cikin waya, kuma 'ya'yan yayyena kowa kuzen ne a wurinsu, ni kuma tanti, ba su san wa za su tsokana ba balle su ji daɗinsa. Yaba ta rasu da lissafinta a ka. Na gwada zana shi a takarda, amma akwai rassan da ba wanda ya rage da zan tambaya. Kaka Habibu kaɗai ke kira na duk cika-ciki ya ce har yanzu matarsa, wato ni, ba ta wanke masa riga ba.

A waccan ranar kuwa, ana kiran la'asar Yaba ta tattara goronta, ta bar ɗan tsilin nan ta danƙa mini a tafin hannu, wanda har lokacin baƙin bai gama fita ba. Ta ce, "Jika ta shafa wa kakanta baƙi, ina laifin? Duk gidan nan ke kaɗai kika ba shi haƙƙinsa. Tashi ki ci abinci, gobe akwai lekol."

Ban taɓa cin goro mai ɗaci da daɗi kamar wannan ba.