Bajon Labo a Kan Ƙusa

"Wannan ne zai riƙe mini yaro? Da wannan hannun?"

"Ba kuturta ba ce, kwantar da hankalinki. Bara da hannu ɗaya yake ɗaga buhun dawa."

"To me ya ci shi haka?"

"Wa ya sani? Tun safe yana cikin ɗakin can da injin."

A barandar wani asibiti da ke hanyar Malumfashi wasu masu jiran layi ke wannan hira, cikin 1966. Wanda ake nunawa da baki ya ji, ya cusa hannuwansa cikin riga. Labo ke nan, Bamaguje daga wani ƙauye a bayan Maska, ƙaton manomi marar yawan magana. Farkon zuwansa asibitin, ƙaninsa mai tarin fuka ya kawo. Da za a ɗauki hoton ƙirji sai ƙanin ya firgita da injin, Labo ya rungume shi ya tsayar cak. Mista Ambrose, mai ɗaukar hoton, ya dubi damatsan nan ya ce, "Kana son aiki?"

Aikin dai riƙo ne. Yaro mai kuka, tsoho mai makyarkyata, wanda bijimi ya karya a wajen huɗa, duk Labo ke danne su a gaban injin. Shi kuwa Ambrose ya laɓe bayan allon dalma ya danna.

Ana nan sai aka aiko da bajo daga kudu, ɗan abu kamar kwalin ashana, da guntun fim a ciki. Kowane ma'aikacin ɗakin hoto ya maƙala a ƙirji. Ƙarshen wata a mayar can a wanke fim ɗin. Iya baƙin da ya yi, iya hasken injin da ya ratsa jikin mai shi. Sista Gertrude, nas ɗin ɗakin, ta fara yi wa Labo bayani, Ambrose ya katse ta.

"Layar Turawa ce, Labo. Muddin tana jikinka, babu abin da zai taɓa ka."

"Na gode, Maigida."

Har kawar da fuska ya daina in za a danna.

Sakamakon farko ya dawo. Na Ambrose fes, na Sista fes, na Labo baƙi ƙirin. Daga kudun aka ce a cire mai wannan bajo daga gaban injin, a kuma binciki ɗakin. Bincike kuwa zai tona cewa mutum ake tsayarwa a inda bai kamata ko kaza ta tsaya ba. Sai Ambrose ya samo ƙusa ya kafa a baranda.

"Layarka ta gaji. Nan za ka riƙa rataye ta kafin ka shiga, ta sha iska."

Tun daga ranar bajon Labo ya fi na kowa tsabta. Har yabo aka aiko wa asibitin, Ambrose ya karanta wa ma'aikata yana murmushi. Fim dai ya samu lafiya. Hannuwan Labo ne suka bushe, gashinsu ya zube, farata suka tsattsage, fata ta dare ta ƙi warkewa. Damina ta faɗi ya kasa damƙe ƙotar fartanya, matarsa Marka ta noma gonar ita kaɗai. Ambrose ya ba shi man shafawa ya ce ƙaiƙayin auduga ne.

Sista Gertrude ta ga komai, ta daɗe tana haɗiyewa. Ranar da Marka ta kawo wa mijinta abinci ta tarar ba ya iya yanko tuwo, Sista ta ja ta bayan ɗakin magani ta faɗa mata gaskiya, da Hausarta mai gargada: hasken injin ne ke cin hannuwan mijinta, bajon kuma ba laya ba ne.

Marka ba ta yi kuka ba. Ta je gindin ƙusar ta tofar da yawu. Ta shiga ɗakin hoto ba sallama, ta cire hannun Labo daga kafaɗar wani dattijo, ta fito da shi. Ambrose yana cewa ai ba a shiga haka, ko kallo bai ishe ta ba. Gaban Sista ta tsaya, ta ɗaga mata hannuwansa biyu.

"Sista, don girman abin da kike bauta wa, wannan watan kar ki aika musu da na kan ƙusa. Ki sa Labo a mota ki aika da shi, su duba da idonsu."