Amanar Kwalin Taba

A tashar motar Madarumfa, wani dogon dattijo mai baƙin leɓe yana zaune a bencin Lawali mai shayi, yana taunar asuwaki kamar da shi suke faɗa. Kaushin hannunsa irin na masunta ne. In tari ya taso masa, sai ya dafe ƙirji har numfashi ya dawo. Da alama likita ya riga ya ja masa kunne.

Goro ya gaza, kanumfari ya gaza. Dabarar da ta rage masa ita ce damƙa wa mai shayin kwalin tabarsa amana.

"Lawali, kara ɗaya, don darajar iyayenka."

"Kawu, kai da bakinka ka ce ko ka durƙusa in hana ka."

"Jiya ke nan!"

"Ni kuwa da Kawun jiya na yi alkawari."

Dattijon ya ja tsaki, ya yar da asuwakin, ya miƙe. Kunya ta hana shi zuwa wurin mai tebur ya saya. Sai ya dubi inda iska ta nufa, ya tsuguna bayan wani ɗan kabu-kabu mai busa tasa, ya lumshe ido, yana shaƙar hayaƙin wani, yana tarin kansa.